Mudir ya ce mujallu sun zama kyauta: a soke kuɗin ishtiraki ko a bari?

Ƙanena, na karanta saƙonka sau biyu. Ka ce an ɗora maka tsara kasafin ɗakin karatu na shekara mai zuwa a jami'arku da ke gabashin Sudan, mudir, wato shugaban jami'ar, kuma ya kira ka ofis ya ce ya ji mujallun bincike yanzu a buɗe suke, kowa na karantawa a intanet ba ko sisi, saboda haka a soke layin ishtiraki, wato kuɗin mujallu da ake biya shekara-shekara, a sayi kujeru da fankoki da kuɗin. Kana so ka san wanne ya fi sauƙi ga ɗakin karatun jami'a, biyan kuɗin mujallu shekara-shekara ko wannan buɗaɗɗen tsarin.

Mudir bai yi ƙarya ba, rabin labarin ya ji. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin yana nan, aljihun da yake fita ne ya sauya: da mai karatu ke biya, yanzu an mai da nauyin kan mai rubutu. Don haka kafin ka taɓa kasafin, sai ka san jami'arku karatu ta fi yi ko rubutu, kuma da wane irin kuɗi take biya. Amsar da ta dace da Jamus ba ita ce ta Jidda ba, ta Jidda kuma ba ita ce ta Kassala ba.

Bari in fara da tsohon tsarin, tunda shi na yi shekaru ina biya. Lokacin da na kama aiki, mujalla takarda ce. A biya ta hannun dillali a waje, ta iso ta gidan waya bayan wata uku ko huɗu, mu buga mata hatimi, mu shigar da ita a kati, ƙarshen shekara a kai wa mai ɗinki ya haɗe ta kundi guda. Wanda ya shiga ɗakin mujallun wata tsohuwar jami'a a ƙasar nan zai karanta tarihin arzikin Sudan a jikin kanta ba tare da ya buɗe shafi ba. Kundi na bin kundi, kwatsam sai giɓin shekara huɗu ko biyar, lokacin da dala ta yi wuya. Sai su dawo da wani bango daban, kyautar wata ƙungiya. Sai su sake yankewa. Amma duk abin da ka saya naka ne, ko ka daina biya yana nan a kan kanta yana shan ƙura.

Da aka koma kwamfuta, saye ya zama haya. Manyan kamfanoni suka rage sayar da mujalla ɗai-ɗai suka koma sari: ɗauki duk abin da muke da shi, mujalla dubu ɗaya ko biyu, a farashi guda, na shekara uku ko biyar, da ƙarin kowace shekara da aka rubuta tun ranar sa hannu. Academic Press ne ya fara irin wannan cinikin a 1996. Da farko kamar garaɓasa ta faɗi, domin ɗakin karatun da ke da mujalla ɗari biyu ya wayi gari da dubu. Sai an zo fita ake gane an shiga tarko. In ka ce a ba ka hamsin ɗin da malamanka ke karantawa kawai, sai a yi maka lissafin farashin ɗai-ɗai, ka ga ya kusa kamo kuɗin kwandon gaba ɗaya.

Me ya hana kasuwa ta karya farashin? In dawa ta yi tsada a kasuwar Gadarif, sai ka koma gero. Maƙalar da likita ke nema kuwa a mujalla ɗaya take, babu makwafinta a wani shago. Ga shi shagunan ma sun taru a hannu kaɗan: binciken Vincent Larivière da abokansa na 2015 ya nuna kamfanoni biyar ne suka buga fiye da rabin maƙalun 2013 da ke cikin Web of Science, babban jerin mujallun bincike na duniya. Ribar sashen mujallu na kamfanin da ya mallaki Elsevier ta daɗe tana sama da kashi 30 cikin 100, alhali marubuci ba a biyansa, masanin da ya tantance maƙalar shi ma ba a biyansa. A 2012 kwamitin da ke ba ɗakin karatun Harvard shawara ya sanar da malamai cewa ba za a iya ci gaba da ɗaukar wannan farashin ba. Harvard fa. A Fabrairun 2019 Jami'ar Kalifoniya, wadda ke biyan Elsevier kusan dala miliyan 11 a shekara, ta tashi daga teburin ciniki, sai a Maris 2021 suka sake shiryawa. In wuta ta kama gemun waɗannan, ka san namu ya daɗe da toyewa.

Daga wannan ƙuncin aka fara kiran a buɗe. Sanarwar Budapest ta 2002 ita ce ta ba abin suna, ta Berlin ta biyo a 2003. A 2015 ɗakin karatun Max Planck na Jamus ya fitar da wani lissafi da ya juya tunanin mutane da yawa. Suka ce duniya na kashe kimanin yuro biliyan 7.6 kowace shekara a ishtirakin mujallu, ana kuma buga maƙala wajen miliyan 2, wato kowace maƙala an riga an biya mata kusan yuro 3,800. Tunda kuɗin na cikin tsarin, in ji su, a juya shi kawai: maimakon a biya don karantawa, a biya don bugawa, kowa ya karanta.

A takarda lissafin ya fita. Abin da bai faɗa ba shi ne wa zai biya nawa bayan an juya.

Kuɗin bugawar shi ake taƙaitawa da APC, kuma ɗalibanmu 'yan Najeriya kan yi dariya duk lokacin da na faɗa, don su jam'iyya suka sani da wannan sunan. Farashinsa ba ɗaya ba ne. A 2023 mujallar PLOS ONE na karɓar wajen dala 2,000. Mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a Janairun 2021. Jamusawa, da suka yi ciniki a ƙungiyance a ƙarƙashin Projekt DEAL, sun daidaita da kamfanin Wiley a 2019 a kan yuro 2,750 kowace maƙala, karatu da bugu a haɗe, suka yi irinsa da Springer Nature a 2020, Elsevier kuma sai a 2023 bayan doguwar ja-in-ja. Ka lura, mujallar da ta fi suna ita ta fi tsada, kamar dai yadda yake a tsohon tsari. Kuma kwamitin ƙarin girma sunan mujalla yake kallo, don haka malami ba ya neman mai araha, mai suna yake nema.

To mu ƙaddara jami'o'i biyu, misali kawai nake yi. Ta farko tana biyan dala 300,000 na ishtiraki, malamanta na fitar da maƙala 40 a shekara. In duniya ta juya gaba ɗaya zuwa biyan dala 2,500 a kan maƙala, kuɗinta ya sauko zuwa 100,000, ta ci riba. Ta biyu ita ma 300,000 take biya, amma maƙala 400 take fitarwa. Nata ya tashi zuwa miliyan ɗaya. Tsari ɗaya, wannan ta yi dariya, wannan ta yi kuka. Shi ya sa duk wanda ya ce maka buɗaɗɗen tsari ya fi araha, ko ya fi tsada, ba tare da ya tambaye ka maƙala nawa kuke bugawa ba, to bai san zancen ba.

Yanzu in zo gida, inda lissafin ya sha bamban da duk wannan.

Mu a Sudan, yawancin karatunmu na mujallun waje ba da kuɗinmu muke yi ba tun da daɗewa. Akwai Research4Life, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun waje, wanda ya faro da HINARI na lafiya a 2002 ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, sai AGORA na noma a 2003, OARE na muhalli a 2006, ARDI na fasaha a 2009, GOALI na shari'a a 2018. Ƙasashen rukunin farko, ciki har da Sudan, ba sa biyan komai. Na rukuni na biyu suna biyan dala 1,500 a shekara kowace cibiya. Wato ɓangaren karatu kusan a banza muke samunsa, duk da kowane kamfani shi ke zaɓen abin da zai sa a ciki da ƙasar da zai buɗe wa, kuma aro ne, ranar da mai abu ya janye ba ka da ta cewa.

Ka ga inda matsalar take? Bajamushe yana da tulin kuɗin ishtiraki da zai juya ya mai da shi kuɗin bugawa. Mu ba mu da tulin da za mu juya. Duk dalar da aka nema a hannun malaminmu don ya buga maƙala sabuwar ɗawainiya ce da ba ta maye gurbin komai ba. An buɗe mana ƙofar shiga mu karanta, wadda dama rabinta a buɗe take, ana neman rufe mana ƙofar da muke fitar da namu. Kuma dalar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala. Gab da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 dala na wajen fam 600, a 2024 ta haye 2,000 a kasuwar bayan fage. Ka ɗauki albashin farfesa ka auna shi da dala 2,000, ba sai na faɗa maka wata nawa zai yi bai ci bai sha ba.

Abin da mudir ba ya gani shi ne wannan kuɗin ba ya bi ta kasafinka. Ba ya bi ta kasafin kowa. Malami ne zai kira ɗan'uwansa a Riyad ko Jidda ya biya masa da kati, shi kuma ya tura wa iyalin ɗan'uwan fam ta manhajar banki ta Bankak. Takunkumin Amurka na 1997 an ɗage shi a 2017, an cire Sudan daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci a Disambar 2020, amma har yau tura kuɗi waje daga asusun jami'a aiki ne ja. Saboda haka a littafin akanta sifili ne, a gidajen malamai kuwa zoben matar wani ya tafi kasuwa. Abu na farko da zan ce ka yi, tun kafin kasafi, shi ne ka zaga sassa da takarda ɗaya ka tambayi kowane malami: a shekara biyun nan maƙala nawa ka buga, a ina, nawa ka biya, wa ya biya. Jimlar da za ka samu ita za ka ajiye a teburin mudir.

Akwai yafiya, kuma mutanenmu da yawa suna biyan abin da aka riga aka yafe musu don ba su sani ba. Manyan kamfanoni da dama suna cire kuɗin bugawa ga marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, wasu da jerin Research4Life suke aiki, wasu da na Bankin Duniya, wanda ya mai da Sudan cikin ƙasashe masu ƙarancin kuɗin shiga a 2020. Amma tana da sharuɗɗa masu santsi. Galibi a mujallun da suke buɗe gaba ɗaya ake yin ta. Wasu sai ka nema ranar da ka miƙa maƙalar, in ka bari aka karɓe ta an wuce wurin. Kuma adireshin marubuci ake dubawa, wani kamfanin na marubucin da ke musayar wasiƙa da mujalla, wani na dukkan marubutan. Wani abokina malamin harhaɗa magunguna, da yaƙi ya kore shi ya sami aiki a kudancin Saudiyya, ya ƙarasa maƙalar da ya tattara bayananta kaf a Jazira, ya sa sabon adireshinsa don sabuwar jami'ar ta ƙirga masa ita. Ranar da aka karɓa ya turo min hoton wasiƙar da murna. Kashegari ya turo hoton takardar biya, babu ko kalma a ƙasa. Da ɗalibarsa da ta rage a Sudan ce ta miƙa, ta yiwu da ba a nemi komai ba. Irin wannan sanin shi ne aikin ɗakin karatu a yau, kuma ya fi sayen kwandon mujallu amfani ga jami'a irin taku.

Tunda na ambaci Saudiyya, su ciwonsu daban ne. Al-Maktaba ar-Raƙamiyya as-Sa'udiyya, ɗakin karatunsu na intanet da aka kafa a 2010, tana sayen ishtiraki a dunƙule wa jami'o'in ƙasar, riyal kuma a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, don haka ba sa kwana da fargabar canji. Amma suna bugawa da yawa, ba sa cikin masu yafiya, saboda haka su ne jami'a ta biyu a misalina. Ga kuma mujallun nan masu cin tudu biyu: ɗakin karatu ya biya ishtiraki, marubuci ya sake biya don a buɗe maƙalarsa a cikin mujallar dai. Kamfanoni na cewa suna rage farashin ishtiraki daidai da abin da aka buɗe, amma tunda yarjejeniyoyin sari galibi a ɓoye suke, mai saye ba shi da hanyar tantancewa. Jami'ar KAUST da ke Thuwal ta bi wata hanya tun 2014, ta wajabta wa masu bincikenta ajiye kwafin maƙalunsu a rumbun jami'a. Wannan hanyar ce ta fi kusa da ƙarfinmu.

Kafin in je can, gargaɗi ɗaya. Inda ake biyan mai bugawa a kan kowace maƙalar da ya karɓa, kwaɗayin karɓa na ƙaruwa. Ba ƙananan 'yan damfarar da ke turo saƙon "za mu buga maka cikin kwana bakwai" kaɗai ba. Kamfanin mujallu na Hindawi, da aka kafa a Alƙahira a 1997, Wiley ya saye shi a 2021 a kan dala miliyan 298. A 2023 kaɗai aka janye maƙalu sama da 8,000 daga mujallunsa saboda maƙalun bogi da suka kutsa ta fitowa ta musamman, Web of Science ya cire mujallunsa 19, daga baya ma aka jingine sunan. Mutanen kirki da suka biya kuɗi suka buga aikin gaskiya a waɗannan mujallun sun tashi da maƙala a wurin da kwamiti ke yi wa kallon hadarin kaji.

Sai hanyoyin da babu mai karɓar kuɗi a ƙofa. Yawancin mujallun da ke cikin DOAJ, jerin buɗaɗɗun mujallu da aka fara a Jami'ar Lund ta Sweden a 2003, ba sa karɓar komai daga marubuci ko mai karatu, jami'a ko ƙungiyar masana ke ɗaukar nauyinsu. Haka Latin Amurka ta gina dandalin mujallunta na SciELO tun ƙarshen shekarun 1990. A nahiyarmu akwai AJOL, dandalin mujallun Afirka, tun 1998. Sannan ga rumbu: malami ya buga a mujallar ishtiraki, wadda galibi ba ta neman kuɗin bugawa, ya ajiye kwafin da aka amince da shi a rumbun jami'a, wani lokaci bayan wa'adin wata 6 ko 12 da kamfani ya gindaya. Manhajar DSpace ta rumbu da OJS ta gudanar da mujalla duk kyauta ake sauke su.

Amma kar in yi maka irin ta mudir. Manhaja kyauta ce, wuta ba kyauta ba ce, haka intanet, haka mutumin da zai zauna yana shigar da bayanai yana gyara suna da kwanan wata. Mujallar jami'a na buƙatar edita mai lokaci, mai gyaran harshe, da lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da kowace maƙala ke samu ta hannun ƙungiyar Crossref, ko da yake tun 2023 Crossref ya cire kuɗin ga ƙasashen da suka fi talauci, sai ka rubuta musu ka nema. Ga kuma kuɗin da ba wanda ke sawa a kasafi sai ya ƙone: ajiyar kwafi a nesa. Rumbunmu kwamfuta ɗaya ce a ƙarƙashin tebur a ɗakin da ke bayan ofishina, da fankarta mai ƙara, da batirin da muke lallaɓawa. Kundayen digiri na shekaru muka yi ta ɗauka a na'ura shafi-shafi, ni da yara biyu. Kwafin ajiya yana cikin durowar teburin dai. Da aka shiga harabar aka kwashe, tebur da durowa tare suka tafi. Abin da ya tsira shi ne abin da wasu malamai suka ɗora a Zenodo, rumbun da CERN ke riƙewa tun 2013, wanda ba ya karɓar kuɗi, da abin da ɗalibai suka tura wa juna a waya. Har yanzu in wani ya rubuto yana neman kundinsa don zai nemi aiki, sai in rasa yadda zan fara amsar.

Saboda haka da ni ne kai, ba zan bari a soke layin ba, ba kuma zan kashe shi yadda ake kashe shi da ba. Zan riƙe ɗan ishtirakin da ba shi da makwafi, musamman na Larabci, don Research4Life bai ɗauke wa ɗalibin shari'a ko tarbiyya buƙatar rumbuna irin su Dar al-Manzuma ba. Duk wanda zan sabunta sai na nemi ƙididdigar amfani ta COUNTER, wadda ke nuna sau nawa aka sauke maƙalu, na raba kuɗin da yawan saukewa, in ya fito da tsadar da gara a nemo maƙalun ɗai-ɗai, in sallame shi. Kuma ba zan sa hannu a takardar da ba ta ce abin da muka biya na shekarun baya zai ci gaba da buɗuwa bayan mun daina biya ba. Yarjejeniyar karatu-da-bugu irin ta Jamus kuwa, in dillali ya kawo maka ita, ka ba shi shayi ka sallame shi, sai dai in ƙungiyar jami'o'in ƙasa ce ta zauna cinikin gaba ɗaya. Jami'a guda ba ta da nauyin da za ta taya.

Ragowar kuɗin ya tafi rumbu da kwafinsa biyu, ɗaya a wani gari ɗaya a wajen ƙasa, da sola da za ta riƙe na'urar, da horar da mutum ɗaya da kowane malami zai zo wurinsa kafin ya miƙa maƙala, ya duba masa mujallar da sharaɗin yafiyarta. In akwai abin da ya saura, a ware ƙaramin asusu na kuɗin bugawa mai iyaka, ga mujallun da suke buɗe gaba ɗaya kawai, bayan an nemi yafiya an rasa. Masu cin tudu biyu ko fam ɗaya kar asusun ya ba su. Fankokin mudir ma a saya, ɗalibi ba ya karatu cikin zafin Mayu.

Gobe da safe kuma ka bincika da wane imel aka yi wa jami'arku rajistar Research4Life, kuma wa ke riƙe da kalmar sirrin. In na wani mutum ne, a mai da shi na ofis. Namu yana cikin wayar wani abokin aiki da ya tsallaka Masar a makon farko na gudu, ya sauya layi, sai da muka yi wata biyu muna bin danginsa kafin muka same shi.